Babin Baba da Aka Cire

Zuwa ga Yaya Salisu a Kano,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Yaya ciwon ƙafar taka? Yaya iyali? Mu nan unguwar Sakasaka a Tamale lafiya lau.

Littafin tarihin zangonmu da na shekara huɗu ina rubutawa ya dawo daga Ankara, babban birnin ƙasar nan. Baturen da ke duba littattafai kafin a buga ya zo Tamale rangadi, ya kira ni ofis. Duk ya bi littafin da jan alƙalami. Ya ce Hausata ta gauraye da Dagombanci, yaren mutanen nan, na haƙura. Sai ya buɗe babin aikin tilas, inda Baba ya faɗi yana ɗaukar duwatsun hanyar Kumasi.

Ya ce, "Malam, cire wannan. Zai ɓata wa Gwamna rai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na wanke gawarsa."

Ya ce in ban cire ba, ba za a buga ba.

Yaya, na cire. Littafi zai fito da sunana a bango, babu sunan Baba a ciki. Tun ranar na kasa zuwa kabarinsa.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida kowa, amma kada ka karanta wa Inna wannan wasiƙa.

Ƙaninka,
Idrisu