Katunana a Hannun Oga

Laraba da dare, Fatakwal

Na kasa cin tuwon da matata Mairo ta ajiye mini.

Mako uku ina fama da lambobin kayan sito a ɗakin kwamfutar kamfaninmu na mai. Wata takarda ta rubuta 000417, wata 417, injin kuma ya ɗauka kaya biyu ne daban. Ni na zauna na rubuta ɗan shirin da ke bin lamba daga hagu, yana zubar da sifiri har ya iso lambar gaske, sai ya tsaya. Ba ya taɓa sifirin tsakiya. Kati goma sha ɗaya kacal na huda wa shirin, irin katin da injin ke karantawa.

Habu kaɗai na nuna wa, ranar Asabar muna cin kifi a Creek Road. Habun da muka dawo garin nan a mota ɗaya bayan yaƙin basasa, ni na roƙa aka ɗauke shi aiki.

Yau Oga ya tara mu, katunana a hannunsa, yana ta yabon Habu, wai shi ya rubuta shirin. Habu bai ko ɗago ya dube ni ba.

Bayan la'asar na tare shi a bakin masallaci. Ya ce, "Haba Sani, ai ni da kai duk ɗaya ne. Ka cika nauyin baki, da a durowa za su ruɓe."

Na sa takalmina na wuce.

Abin da ya fi ci mini rai, Oga ya ce gobe in zauna kusa da Habu ya koya mini yadda shirin yake aiki. Na ce to.