Hoto Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Durham, 4 ga Maris

Yaya Maureen,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya sanyin Kanada, ya ƙafar taki? Maigidana Norman yana nan yadda kika bar shi, yau ya gane ni, gobe ya kira ni da sunan uwarsa. Abokan aikinsa na ramin kwal ba su fasa zuwa ranar Alhamis ba. Su tura shi a keken guragu zuwa kulob, su yi ta tsokanarsa, ranar kaɗai yake dariya.

Za a baje tsofaffin hotunan garin nan, cika shekara arba'in da yajin aiki. Ni mai shegen sanin kowa aka ɗora wa rubuta suna a ƙarƙashin kowace fuska. Na yi goma sha shida lafiya lau.

Na sha bakwai motar nan ce mai raga a taga, wadda 'yan sanda ke rakawa, ɗauke da maciya amanar da suka koma aiki muna cikin yaji. Akwai wani a kujerar baya, ya ja hular sanyi ya rufe fuska. Yaya, hular ja ce, bakinta kore. Kin tuna ina saƙa wa Norman ita ulu ya ƙare mini, na warware rigarki na ƙarasa? Babu irinta biyu a duniya.

Ranar ce mini ya yi ya tafi tsintar kwal a juji. Ni kuwa ina bakin ƙofar ma'aikata ina jifan motar da ƙwai!

Na kai masa hoton, ya shafa, ya ce hular ta yi kyau. Wa zan tambaya? In na rubuta sunansa, Alhamis ta ƙare, kin san mutanenmu. Tsoro nake ji.

Taki,
Glenda

Durham, 19 ga Maris

Yaya Maureen,

Ina gaishe ki, na ga wasiƙarki. Ƙona hoton ba zai yiwu ba, kwamiti duk sun gani. Ki kuma daina cewa mu taho wajenki, ina zan kai mutumin da titinmu kaɗai ya rage yake tunawa?

Jiya ina zauren taro ni kaɗai sai ga Lorna, matar marigayi Cliff da ya koma aiki a fili. Ita ce na shafa wa fenti a ƙofa, na hana kowa zuwa jana'izar mijinta. Ta daɗe tsaye gaban hoton. Ta nuna Cliff, ta ce in rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya saba. Sannan ta ɗora yatsa kan hular.

"Wannan kuma ki sa ba a san shi ba. Cliff ya ce rana ɗaya ya yi, yana ta kuka har suka isa."

Tun daren ranar ta sani, Yaya. Shekara arba'in ina tsallake titi in na hango ta, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Na rubuta yadda ta ce. Yau da safe muka haɗu a kantin burodi, matan abokan Norman na Alhamis suna bayana a layi. In na gaishe ta sai sun tambayi dalili. Ta dube ni, na dubi burodi.

Ki sa ni a addu'a, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Ƙanwarki,
Glenda