Sifikokin Yaya Sani

Daren Laraba, tsakiyar damina, Haɗeja

Ruwa ya ci sifikokin da marigayi Yaya Sani ya bar mini, kuma ni na jawo.

Tun da na ɗora su a kan kanta suke girgiza kwanukan auren matata Hauwa, ba ka jin komai sai ƙarar tasa. Jiya na sauke su ƙasa, na raba su da bango, na juyo su wajen gado. Na kunna karatun Yaya da na taɓa ɗauka a waya. Wallahi kamar yana zaune a ɗakin.

Hauwa ta ce, “Malam, a garin nan ko buhun gero ba a barinsa a ƙasa da damina.” Na ce ta ƙyale ni, gobe zan sa musu bulo.

Yau ina kasuwa, ita tana gidan suna, aka tafka ruwa. Ya shigo ɗakin har idon sawu.

Ɗazu na jona su, huci kawai suke yi. Hauwa ta miƙe. Kwanukanta ta kwashe, ta bar mini kantar fayau. To yanzu me zan ɗora?