Ƙafa Ɗari Biyu da Tsagar Sandarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hassi,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Jiya Laraba kamfanin jiragen da autanki Nasiru ke yi wa aiki ya dakatar da shi daga tuƙi har sai an gama bincike. Takardar gajeruwa ce. Na karanta ta sau biyu, ban ga inda aka ce ya yi laifi ba, ban kuma ga inda aka gode masa ba.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarki. Kin bar shi yana mataimakin matuƙi, yanzu shi ke zama kujerar hagu, shi ke da magana ta ƙarshe a cikin jirgi. Ranar Asabar da la'asar ya ɗauko mutane daga Abuja zuwa Sakkwato, ya tarar hadari ya riga shi. Ya gangaro sau biyu, sau biyu yana sake tashi sama. A na ukun bai gwada ba, ya juya ya sauke su Kano. Kowa ya fito da ƙafarsa.

Cikin fasinjojin, a kujerar gaba, akwai wani babban mutum, Alhaji ɗan yankinmu. Ba za ni ambaci sunansa ba, kin san gidansu, kin taɓa sayar wa uwarsa daddawa. Yana sauri ne ya kai wani taro inda za a yi masa kirari. Shi ya kai ƙara, shi kuma ya yi magana a waya aka watsa. Ya ce da idonsa ya ga ƙasa ta taga, har ya ga rufin kwano, amma yaron ya tsorata. Ya rufe da cewa a yi bincike ko Bagobiri ne na gaske, don Bagobiri ba ya gudu.

Kafin Lahadi maganar ta isa tashar Sabon Birni. Masu kabukabu sun yanke hukunci a gindin bishiyar bedi. A Isa ma an yanke. Mutanen da ba su taɓa leƙa cikin jirgi ba sun gano inda kuskuren yake.

Bari in faɗa miki yadda aikin yake, Inna, don ke kina sauraro kafin ki yi magana, kuma wannan hali ya yi ƙaranci tun da kika tafi.

Idan jirgi ya shiga girgije, ido ya gama aiki. Jikin mutum ma ƙarya yake yi masa: sai ya ji kamar a miƙe yake, alhali ya karkata. Don haka ake koya wa matuƙi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'ura. A bakin titin sauka akwai na'urori biyu masu aiko da saƙo sama. Ɗaya tana ce masa dama ko hagu, ɗaya tana ce masa ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. A gabansa allura biyu ne, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Muddin sun haɗu a tsakiya, yana kan hanya, ko da bai ga komai ba sai fari fat.

Amma hanyar tana da iyaka. Tun kafin su fara gangarowa, shi da mataimakinsa sun faɗi tsawon da za su tsaya a kai da baki, kowa ya ji. A irin wannan sauka yawanci ƙafa ɗari biyu ne daga ƙasa. In sun kai nan ya ɗaga ido bai ga fitilun titi a gabansa ba, ba a shawara, ba a ƙara ko taki. Sai ya ba injin wuta ya koma sama.

A gabansa na ce. Mai zama gefen taga ƙasa yake kallo, kai tsaye, ta ɗan ratar girgije, kamar mai leƙa rijiya. Matuƙi kuwa gaba yake nema, ta cikin ruwan da ke dukan gilashi. Ganin rufin kwano a ƙarƙashinka bai nuna maka inda za ka aje taya ba. Wannan bai kai a kira shi ilimi mai zurfi ba, amma ya fi ƙarfin Alhajin.

Da Nasiru ya fara yi mini wannan bayani, shekarun baya, dariya na yi. Na ce ai sandar Inna ce.

Kin tuna ta. Sandar geza mai tsaga ɗaya, daidai ƙugunki. Da damina, in za mu kasuwa daga garinmu Gangara muka tarar ƙorama ta kawo, sai ki tura ta gaba kafin ƙafarki. Ni ina riƙe da zanenki, Nasiru yana goye. In ruwa ya taɓa tsaga, mun juya ke nan, ko da muna hango mutane a wancan ƙetaren, ko da daddawar za ta kwana. Kin yi tsagar ne a tsakar gida da rani, da wuƙar yankan kuɓewa. Kika ce, “Shawarar ruwa bisa tudu aka yanke ta. In ka bari sai ka shiga, ruwa ne ka yanke maka.”

Kin tuna kuma ranar da ƙanenki Kawu Ila ya same mu muna juyowa. Ya yi miki dariya, ya ce jinin Gobir ya tsinke a jikin mata. Ya kora jakinsa ya shiga. Jakin da buhun gero ba a sake ganinsu ba. Shi kuwa wani makiyayi, Jaɓɓi, ya miƙa masa sanda ya jawo shi, ya fito ba wando. Kin kwance gyalenki kin ba shi.

To, Kawu Ila ya kira ni daga Isa shekaranjiya. Ya tsufa, amma muryar na nan. Ya ce yaron nan ya zubar mana da mutunci, a ce masa ya je ya ba Alhaji haƙuri. Na gaishe shi da ladabi kamar yadda kika koya mini. Na tambayi lafiyar iyali. Ban tambayi jaki ba, kuma ina son ki san cewa na sha wuya kafin in haɗiye.

Shi Alhajin da ke auna jinin mutane, rabonsa da kwana a garinsu an yi shekaru. In ya zo, da rakiyar bindigogi yake zuwa, kuma kafin la'asar ya kama hanya. Ban ga laifinsa ba, hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta zama abin da ta zama, kowa na duba rana kafin ya fita. Sai dai wanda ya san lokacin juyawa in ransa ne kaɗai a hannunsa, bai kamata ya kira shi gudu ba in wani ya juya da rayukan jama'a cike da jirgi. Har da nasa ran a ciki. Da ran nan yake ta magana yanzu.

Aikin jarida ya hana ni rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Ba na cikin jirgin. Na tambayi Nasiru ko ya ga fitilun. Ya ce a karo na biyu kamar ya ga ɗaya, kamar kuma walƙiya ce. Ya ce “kamar” ba ta cikin abin da ake sauka da shi. Tuƙin nan shi kaɗai ya taɓa so a duniya, kin sani. In suka karɓe, ban san wane mutum zai rage ba.

Ya tambaye ni ko sandar na nan. Tana nan, Inna. Da muka kwaso kaya daga Gangara na sa ta cikin tabarma. Tsagar ta yi baƙi saboda hannunki. Na ce masa za ni kai masa ita, ya ce a'a, in bar ta, ya san inda tsagar take.

Kin goya shi kin juya da shi sau nawa, ban ƙirga ba. Na dai san duk ranar da kika juya mun ci tuwo tare.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kin ƙetare lafiya inda ba a buƙatar sanda. Ya ba autanki haƙuri da masu baki, Ya bar masa hannunsa yadda kika bar shi.

Ɗiyarki,
Dije

Na buɗe takardar don in ƙara wannan. Jirgin yana da na'urar da ke adana duk abin da ya faru, har tsawon da Nasiru ya kai kafin ya tashi. An ce an ciro bayanan, kuma kwamitin zai zauna a kansu ranar Litinin. Na kira ofishin kamfanin sau biyu yau. Ba su tabbatar da ranar ba tukuna.