Waƙar Sani a cikin raksha

Daren Laraba, bayan na dawo daga Madani

Yau na ji muryar Sani a rediyon raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, gitar tana ruri, direba yana bin amshi yana dukan sitiyari. Amshin kuwa ihun nan ne da yaranmu ke korar tsuntsaye da shi a gonar dawa. Na ce wa direban ɗalibina ne. Ya yi dariya ya ce, "Ya ustaz, yau kowa a Madani malaminsa ne."

Shekaru nawa yaron nan ya yi yana kiɗa a bukukuwan Sinnar ana kashe masa lasifika? A ɗakina yake ɓoye gitarsa tun da babansa ya hana.

Da magariba na tafi gidansu yin barka, kamar yadda ake yi in ɗa ya ci jarrabawa. Ba kowa a kan tabarma sai ni. Alhaji babansa ya zuba mini shayi, ya ce, "Barkar me, Malam? Haihuwa aka yi?" Sai ya koma zancen ruwan gona. Na kira wayar Sani a hanya, wani baƙo ya ɗauka ya ce yana aiki. Ban ji haushi ba, amma murnar ta yi mini nauyi ni kaɗai.

Na kusa gida ƙanwar Sani ta cim mini da saƙo. Wai innarsu ta ce in Alhaji ya tafi gona gobe, in zo da wayata. Ba ta taɓa jin waƙarsa ba.