A Sa Sunan Rukayya a Takardar Iyalina

Zuwa ga Manajan gidan hutu na bakin tafki,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Na sakaya sunan gidanku domin ba tozarci ya kawo ni ba. Amma na kira lambarku sau shida, na aika saƙo ta shafinku na intanet sau uku, ba wanda ya haɗa ni da kai, shi ya sa na fito bainar jama'a. Kwana fuɗu suka rage mini.

Sunana Saratu, malamar firamare ce ni a Tambuwal. 'Ya'ya fuɗu ne a ɗakina, uku na haifa, ɗaya na shayar. Rukayya ɗiyar ƙanwata ce, uwar ta rasu kwana tara da haihuwarta. Lokacin ina goyon ɗana Mustafa, sai na haɗa su, wannan a dama wannan a hagu. Ba a yi shekara biyu ba ubanta, mutumin Fakku, shi ma ya rasu. Yayansa Malam Ummaru ne ya bar mini ita, da sharaɗi guda: ranar da aka bambanta ta da 'yan gida, ranar zai zo ya ɗauki ɗiyarsu. Shekara goma sha ɗaya ban ba shi dalili ba. Shafinku ya ba shi a minti ɗaya.

Na farko, ga yadda abin ya faru. Yaran nan ba su taɓa wuce Sakkwato ba. Da hutun makaranta ya gabato, maigidana ya ce a nemi inda za a kai su su buɗe ido. Rukayya ce ta fi kowa Turanci a gidan, ita ta karɓi wayata ta gano ku. Mako biyu ba a zancen komai sai kwalekwalenku da lilo da dawakin da yara ke hawa. Ita ta duba mana hanya, ita ta rubuta abin da kowa zai ɗauka a bayan littafinta. Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a tabarma don cike takardar iyali ta shiga gidanku a shafinku. Ta sa sunan babansu da nawa da na 'yan'uwanta, kowa da lambarsa ta ɗan ƙasa, shafi ya karɓa. Nata ta bari ƙarshe, don kunya. Tana sawa sai ga jan rubutu. Ni da bakina na ce, "Karanta mana, me suka ce?" Ta karanta, ta fassara mana da Hausa: wannan yarinya ba ta cikin iyalin nan. Sai ta ajiye wayar a kan cinyata ta ce, "Inna, ku tafi, ni na tsare gida." Wallahi da na san abin da ke rubuce, da na jefa wayar a rijiya.

Na biyu, shawarar ma'aikacinku. Da na samu wani ya ɗauka, ya bayyana mini cewa na'ura ce ke gwada sunan uba, in ya saɓa ta ƙi. Na ce to a yi mata takarda tata ita kaɗai. Ya ce ƙaramin yaro ba ya shiga sai da iyayensa. Na ce iyayenta suna kabari. Ya yi mini ta'aziyya, Allah ya saka masa, sannan ya ce ko dai in kawo takardar kotu, ko in je a canza mata suna zuwa na maigidana, wai "kowa haka yake yi, Hajiya." Haba ranka ya daɗe! Gidan malamai na tashi. Addini ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kuma sunan nan shi ne kaɗai gadon da mamacin ya bar mata. Don hawan kwalekwale zan kankare shi? Takardar kotu kuwa ba ta fita a kwana fuɗu, kuma sai Malam Ummaru ya sa hannu, mutumin da yake ganin kai riƙo gaban alƙali cin fuska ne ga zumunci.

Na uku, kada a ce mini in fasa tafiyar kowa ya huta. Na gwada. Ina faɗi, autana ya dubi Rukayya ya ce saboda ke ne. Shekararsa biyar, bai san abin da ya yi ba, amma ita ta ji. Na ce a nemi wani wuri, ta ƙi taɓa wayar. Tun ranar ba ta sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwanta ba, sai ta jira su tashi.

Kuma magana ba ta kwana a gida. Kafin ta isa Fakku ta bakin 'yan kasuwa, ta zama wai za mu tafi yawon shaƙatawa mu bar marainiya gadin gida. Jiya Malam Ummaru ya kira ni. Na yi bayani har muryata ta dishe, na ce na'ura ce. Ya ce, "Saratu, na'ura ba ta san ɗiyar riƙo ba sai an gaya mata. In ba ku iyawa, ku maido muna ɗiyarmu. Ina nan tafe ran Jumu'a bayan masallaci." Ba mugu ba ne, alkawarin da ya ɗauka a kan gawar ƙanensa yake cikawa, kuma in ya zo ba ni da ikon hana shi.

Ina so in tambaye ka, wanda ya tsara muku shafin nan, a wace ƙasa ya girma? Ka leƙa ajina, da wuya ka ƙirga yara biyar ba ka samu wanda ke hannun gwaggo ko kawu ko kaka ba. Kai kanka, ranka ya daɗe, ka tuna gidanku, na tabbata akwai wanda aka riƙa.

Roƙona biyu ne. Ina da takardar shaida daga mai unguwarmu da ta shugabar makarantar Rukayya, duk na aika hotonsu ta shafinku. Ka dube su da idonka, ka ba da umarni a buga mini takardar iyali da sunanta a jerin 'yan'uwanta, da sunan ubanta yadda yake, kafin Jumu'a. Sannan a buɗe gurbin ɗan riƙo a shafin, don kada wata yarinyar ta sake fassara wa uwarta irin wannan.

In dokarku ba za ta bar mu mu shigo ba, na haƙura da tafkin, na haƙura da komai. Takardar kawai nake so, in miƙa wa Malam Ummaru ya gani, ita ma ta karanta da kanta. Yau da safe na ɗaga katifarta zan shanya, na tarar ta ninke kayanta duka ta ƙulle a zane, har da takalmin makaranta. Ba wanda ya ce ta shirya.

Allah ya ɗaukaka ka, ya albarkaci sana'arka, ya raya maka zuriya, ya sa kai za ka riƙe 'ya'yanka har su girma.

Wassalam.

Malama Saratu,
Tambuwal.