Ranar da Lambobin Suka Tsaya

Nassarawa GRA, Kano.

Zuwa ga Safina, sanyin idanuna, ruwan farkon damina a kan ƙasar da rana ta gasa, barewar da ban taɓa gajiya da kallon gudunta ba. Gaisuwa daga zuciyar da kika sallama amma ta ƙi tafiya.

Ya jiki? Ya ƙafar? Tambayar da kowa yake da ikon yi miki ke nan, har mai ba furannin gidanku ruwa, ban da ni. Layi ɗaya ne tsakanin gidanmu da naku, amma wallahi lokacin da kike Tunisiya kin fi kusa da ni.

Kin tuna la'asar ɗin da muka haɗu? Wani abokina ne ya ja ni filin tenis wai in rage tumbi, aka ce babu abokin bugu sai wata yarinya mai farin ɗankwali da dogon wando. Na ce zan sassauta mata. Ko iskar ƙwallonki ban taɓa ba, har na zube a gindin darbejiya ina haki. Kika miƙo mini ruwa kina danne dariya, kika ce in fara koyon tsayuwa tukuna. Tun ranar ban ƙara tsayuwa daidai a gabanki ba.

Mutane idan sun ji an ce kina wasa a ƙasashen waje, sai su zaci irin filayen nan ne na talabijin. Ni na san gaskiyar. Na san Legas da Akara da Sharm el-Sheikh, inda 'yan kallonki ba su wuce ma'aikatan otal da masu tsinto ƙwallo ba. Na san yadda kike kwana ɗaki ɗaya da wadda za ku kara da ita washegari, ki wanke kayan wasanki da hannunki, ki shiga fili ba koci, ki ci kyautar da ba ta kai kuɗin jirgi ba. Sau nawa aka fitar da ke tun a wasannin share fage, ki kira ni muryarki a dashe, gari na wayewa kuma ki koma atisaye? A nan gida ana ta gulmar 'yar Alhaji mai tsalle a gaban maza, Abbanki ya toshe kunnensa, ni ma na toshe nawa. Ranar da sunanki ya shiga cikin 'yan tenis dubun farko na duniya, sai da na tsayar da mota a hanyar Hotoro na share hawaye.

Sai ga gasar Monastir a Tunisiya. Karon farko da kika kai wasan kusa da na ƙarshe, an riga an sa mana rana, an kai lefe, kin ce da kofi za ki shigo gidana. Ina ofis ina bin wasan a waya, ba hoto, sai lambobi suna canzawa. Kina gaba, Safina, kina gaba! Can sai lambobin suka tsaya. Na girgiza wayar, na zagi sabis, na fita waje na ɗaga ta sama kamar mahaukaci. Da suka motsa, kalma ɗaya ce a gefen sunanki, wai kin janye. Ke da kika taɓa ƙarasa wasa da zazzaɓi a jikinki? Tun kafin a ce mini jijiyar gwiwa ce ta tsinke, na san wani abu ya tsinke.

A filin jirgi aka turo ki a keken marasa lafiya, kika kawar da kai da kika hango ni. Na ce gajiya ce. Na yi ta sintiri a ƙofar gidanku, kullum a ce kin samu barci. Na ce ciwo ne. Ranar Asabar kuma sai ga Gwaggo Tani, ƙanwar Abbanki, Malam Idi direba yana sauke akwatunan lefe a tsakar gidanmu, kansa a sunkuye. Ta ce Abbanki ya yi faɗa har ya gaji, kin kafe. Ta ce kin ce mai gudu na gani na so, ita kuwa ta mutu a Monastir, kuma ba za ki yarda a aure ki don tausayi ba. Ummata ta shige ɗaki tana kuka. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Tausayi? Haba, hasken raina! Wa ya fi zama abin tausayi tsakanina da ke? Shin mai son bishiya yakan daina son ta don iska ta karya mata reshe? Eh, na so gudunki, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma zan yi kewarsa idan bai dawo ba. Amma ba gwiwarki ba ce take tambayata ko na ci abinci tana can wata ƙasa bayan an lallasa ta. Ba ita ce ta zauna da Ummata a asibiti ta bar gasar Abuja ta wuce ta ba. Matar da ta yi wannan tana nan da ranta, tana kwance a bayan labulen da nake kallo duk safiya idan zan wuce aiki.

Na ji jibi za a tafi da ke Alƙahira a yi miki aiki, kuma kin ce kada in zo rakiya. Ba zan zo ba, tunda ke kika faɗa. Zan tsaya a sallah in roƙa miki hannun likita mai sa'a. Amma kada ki nemi in janye, don wannan kam ban koya a wajenki ba.

Ki je ki dawo, masoyiyata. Idan Allah ya mayar da ke fili, ni zan riƙe miki jaka daga nan har inda gasa ta ƙare. Idan kuma bai mayar da ke ba, hannunki zan riƙe, mu taka a hankali.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Al-Amin.